Daminar da Muka Kira Yaudara

Da sunan Wanda ya shimfiɗa rana ya naɗe dare, ya ba kowane lokaci ƙofar shigarsa da ta fitarsa. Ku da kuka ba ni tabarma da ruwan sha, kuka kuma tambaye ni daga ina, ku gyara zama. Ni ne Mantau ɗan Bagudu, mutumin Tudun Maiwa. Na taka ƙasa har inda ƙasa ta ƙare, na shiga ruwa har inda ruwa ya daskare, na nemi sani na same shi, bai kuwa amfane ni da ko ƙwayar hatsi ɗaya ba.

Tudun Maiwa tana can arewa mai nisa, in har yanzu akwai ta. Manoma ne mu tun kaka da kakanni, sai gishiri ya fara tsatsowa daga ƙarƙashin gonakinmu, shekara bayan shekara, har ƙasar ta yi fari fat, ko ƙaya ta daina fitowa. Muka sassaƙa jirage, muka loda tsofaffi da yara da irin maiwarmu, muka bi teku muka yi kudu. A hanya ne tauraron nan na arewa da ba ya motsi ya riƙa sauka kaɗan-kaɗan har ruwa ya haɗiye shi. Tsofaffi suka yi ta salati, mu kuwa masu tuƙi ba mu da lokacin tsoro. Bayan watanni muka sauka a wata ƙasa baƙa mai laushi, ciyawa har ƙugu, babu kowa a cikinta. Muka ce wahala ta ƙare.

Sai na gaya muku al'adarmu ta shuka, don a kanta komai ya rataya. A garinmu ba a shuka don an ga ruwa. Akwai wata tauraruwa da muke kira Zangarniya, takan ɓace na ɗan lokaci kowace shekara, sa'an nan ta sake bayyana a gabas gab da ketowar alfijir. Ranar da aka gan ta, ranar ake fasa rumbun iri. Duk ruwan da ya sauka kafin nan, komai yawansa, sunansa ruwan yaudara. Ba a banza aka kafa wannan doka ba. Kakanninmu sun taɓa ganin ruwa da wuri suka zuba irinsu, ya tsiro, sama ta ɗauke, aka yi yunwar da ta kusa shafe zuriyar. Tun daga nan ake liƙe rumbu da yumɓu, a ba mace ɗaya tsaronsa, a kira ta Uwar Iri, ta rantse ba za ta buɗe ba sai Zangarniya ta fito. A zamanina Uwar Iri yayata ce, Gwamma, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu. Mace ce da in ta ce a'a, ko gari zai taru a ƙofarta, a'a ɗin ce.

Ba mu daɗe da sauka ba Zangarniya ta fito, aka kuma yi ɗan ruwa mai kyau. Baba Nomau, dattijon da ke duba mana sama, ya ce a shuka. Yaya Gwamma ta ce ƙasar baƙuwa ce, rabin irin za ta fitar. Muka shuka, ya tsiro kore shar, muka yi kiɗa har ƙafafunmu suka kumbura. Daga nan sama ta bushe ƙayau. Rana ta koma can arewa ta tsaya a karkace, ba ta da wani zafin kirki, inuwar mutum da tsakar rana sai ta kai tsawonsa. Wani sanyi da ba mu taɓa sani ba ya riƙa saukowa da asuba, ya ƙone shukar tun ba ta wuce idon sawu ba.

Aka taru a gindin rumbu. Baba Nomau ya ce, “Laifinmu ne. Mun zo wa ƙasa da rabin zuciya, ta ga rowarmu, ta yi fushi. Baɗi idan Zangarniya ta fito, mu ba ta duka.”

Na ce, “Baba, tauraruwa ta fito, ruwa bai biyo ta ba. Ni ina ganin wani abu ne ya goce a sama, ba a zukatanmu ba.”

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “To, kai da ka fi kowa baki, tashi ka je ka gano mana abin da ya goce.”

Jama'a suka yi dariya, ni kuwa na tashi. Yaya Gwamma ta raka ni har bakin teku, ta ɗaura mini guzuri a gefen riga. Ta ce, “Ƙanena, abin da ya rage a rumbun nan shi ne mu. In ya tafi, mun tafi. Ka dawo mini da magana kafin Zangarniya ta sake fitowa, don ranar da ta fito zan buɗe, ko kana nan ko ba ka nan. Rantsuwa ce a wuyana.”

Na bi gaɓa ban san inda na nufa ba, guzuri ya ƙare, na koma cin ƙaguwa da saiwar ciyawa. A haka na iske wasu masunta da ke zaune a kan ruwa, gidajensu an gina su da haƙarƙarin manyan kifaye an lulluɓe da fata. Na tambaye su yaushe damina ke faɗuwa a wannan ƙasa. Suka dubi juna, don ba su taɓa binne ƙwaya a ƙasa ba tunda aka halicce su. Shugabansu, wani mai ido ɗaya da ake kira Kirinki, ya ce, “Manomi, ruwanmu a ƙarƙashinmu yake, me ya haɗa mu da na sama? In labarin sama kake nema, sai Birnin Ƙanƙara, can gindin duniya. Magajiyarsu tana da hasumiya, daga kanta tana ganin duniya yadda kake ganin tafin hannunka. Mu kan kai musu kifi idan teku ta narke. Ka zauna ka yi mana jan taru, mu tafi da kai.”

Na zauna na ja taru har hannuwana suka tsage, sa'an nan muka tashi da jirage masu yawa. A wannan teku akwai wani kifi da suke kira Haɗiye-Inuwa. Ba ya ganin jirgi, ba ya ganin mutum, inuwa kaɗai yake gani, sai ya taso daga ƙasa ya kai mata cafka, jirgin da ke kusa ya kife. Kowace tafiya sai ya ci musu jirgi guda, har sun saba, sun ɗauke shi kamar rabonsa ne. Ranar da ya biyo namu, na ga bayansa ya keto ruwa, faɗinsa ya fi fagen sussuka. Matuƙa suka saki filafilan tuƙi suka fara bankwana da juna. Ni da nake da saƙo a wuya ban ga ta mutuwa ba. Na fizgi filafilai na ɗaure su baki da baki har suka zama doguwar sanda, na rataya rigata a kai, na ɗaga ta sama. Inuwar rigar ta faɗa can nesa da mu tana kaɗawa, ta fi ta jirgin motsi. Kifin ya juya ya yi ta kai mata cafka yana haɗiyar ruwa, mu kuwa iska tana tura mu, har ya gaji ya nutse. Kirinki ya buga mini kafaɗa ya ce, “Ashe kan nan naka ba maiwa ce kaɗai a ciki ba.”

Amma rigar nan ita ce ke tsare ni daga sanyi, ta kuwa jiƙe sharkaf da ruwan da kifin ya watsa. Zazzaɓi ya kwantar da ni a cikin jirgi, aka lulluɓe ni da fatu, ban ƙara sanin dare ko rana ba. Ban san yadda muka isa ba, ban san yadda aka ɗora ni a kan abin ja aka shiga da ni cikin ƙasar ba. Da na farfaɗo, Kirinki da mutanensa sun riga sun juya, ni kuwa ina kwance a wani zaure da aka sassaƙa da ƙanƙara, haske yana ratsa bangonsa.

Aka kai ni gaban Magajiya Tumbalaye. Tsohuwa ce doguwa, gashinta fari, tana zaune a kan fatar wata dabba da ban san sunanta ba. Na faɗi na yi gaisuwa, na faɗa mata buƙatata. Ta ce, “Baƙo, ba a hawa hasumiya kyauta. Duk mai so sai ya juya mana dutsen matsar mai. Kai za ka yanka wa kanka tsawon aikin, mu ba ma yanka wa kowa.”

Na saci kallon waje ta ƙofa. Rana ta yi ƙasa, ta yi ja, irin ta la'asar sakaliya. A garinmu in ka ɗauki ɗan ƙwadago a gona, faɗuwar rana ce ke sallamarsa, kowa ya san haka. Na ce a raina yau na gamu da mutanen da ba su iya ciniki ba. Na ce, “Ranki ya daɗe, zan yi muku aiki har rana ta faɗi.”

Magajiya ta ce, “Sake faɗa, baƙo, ka kuma yi tunani.” Na ɗauka ta ga an yi mata wayo ne, sai na ƙara ɗaga murya na maimaita. Ta girgiza kai. Aka kawo wani zobe na baƙin ƙarfe aka saka mini a idon sawu, ya rufe da kansa. Aka ce mini ba zai buɗe ba sai rana ta faɗi a kan mai sanye da shi, in kuma na ƙetare iyakar ƙasarsu da shi zai matse har ya datse ƙafar.

Na kama dutse ina juyawa ina murmushi. Na juya har na gaji, na duba, rana tana nan a tsayinta, sai dai ta matsa gefe. Na yi alwala na zauna jiran magariba. Rana ta bi bayan gidaje, ta bi bayan wani tsauni, ta zagayo ta bayana, ta dawo daidai inda na fara ganinta, ba ta taɓa ƙasa ba. Na yi barci na farka, tana nan. Na sake yi na farka, tana nan, har ma ta ƙara ɗagawa. Na tambayi wani da muke juya dutse tare yaushe take faɗuwa. Ya ce, “A nan birni? Sai gashin kanka ya sauko kafaɗa.”

Na je na faɗi gaban Magajiya ina kuka, ba na jin kunyar faɗa. Ta ce, “Na ce ka yi tunani. Tashi, tunda alkawarinka ya yi tsada haka, zo ka ga abin da ka zo nema tun yanzu.”

Muka hau hasumiya. Tana tsaye ne daidai kan cibiyar duniya ta kudu, tsawonta kuwa sai da numfashi ya fara gagarata. A can ƙoli akwai wata babbar kwatarniya ta baƙar ƙanƙara. Magajiya ta shafa ta da hannun riga ta ce in leƙa. Na leƙa, sai ga wani abu dunƙulalle kamar curin fura yana rataye a cikin duhu, babu abin da ya riƙe shi, shuɗi da kore da fari. Can gefe ga rana tana ci bal-bal.

Ta ce, “Ga duniyarku nan. Dube ta da kyau.”

Na duba, sai na ga tana juyawa a kanta, yadda mazari ke juyawa a hannun mai kaɗi. Gefen da ya fuskanci rana yana cikin haske, ɗaya gefen yana cikin inuwar kansa. Tekuna da duwatsu suna shiga hasken ta wannan baki, suna fita ta wancan. Na ce, “Ranki ya daɗe, ina rana take kwana?”

Ta ce, “Ba ta kwana, ba ta tashi, ba ta zuwa ko'ina. Ku ne kuke juya mata baya ku ce dare ya yi, ku juyo ku ce gari ya waye. Yanzu dubi tsayuwarta.”

Sai na lura duniyar ba a miƙe take juyawa ba, a jirkice take, ta karkata gefe guda. Magajiya ta hura wa kwatarniyar iska, lokaci ya yi gudu a cikinta. Na ga duniya tana tafiya tana kewaya rana, kewaye ɗaya shekara ɗaya, karkatar nan kuwa ba ta canja wajen da ta nufa. Saboda haka a wani gefen kewayen, arewacinta ne ke sunkuya wa rana, zafi ya sauka a kansa kai tsaye, yini ya yi tsawo. A ɗaya gefen kuma kudancin ne ke sunkuyawa, arewa ta ja baya. Na ga wata ɗamara ta baƙin hadari ta kewaye duniya tana bin inda zafin ya fi sauka, ta hau arewa, ta sauko kudu. Na ga kan cibiyar da muke tsaye, idan ta sunkuya wa rana, duk juyin da duniya za ta yi ba ya fitar da ita daga haske. Abin da ya ɗaure ni ke nan.

Na ce, “To Zangarniya fa? Ita ce ke kawo mana ruwa.”

Ta ce, “Taurarin nan suna can nesa, ba su san ku ba, ba su san gonarku ba. Hasken rana ne ke rufe muku ita, idan duniya ta kai wani wuri a kewayenta sai ta fita daga bayan hasken ku gan ta. A daidai wurin nan arewa ce ke sunkuye, shi ya sa ruwa ke biyo ta a tsohon garinku. Kun ƙetaro ƙugun duniya kun zo da agogonku na can. A sabuwar ƙasarku, fitowarta bankwana ce da ruwa.”

Ta sake shafa kwatarniyar, ta dawo kan lokacin da muke ciki. Na nemi gaɓar da muka sauka har na gane ta. Ɗamarar hadarin tana kwance a kanta, baƙi ƙirin, walƙiya tana wasa a ciki. Bakina ya riga tunanina, na ce, “Ai wannan ruwan yaudara ne.”

Magajiya ta dube ni da tausayi ta ce, “Wa yake yaudara, baƙo? Daminarku ke nan. Ba ku da wata.”

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Ga damina tana zuba a kan baƙar ƙasa mai laushi, ga iri a rumbu, ga yayata zaune a ƙofarsa tana gadin rantsuwa. Magana ɗaya tak take jira, maganar tana bakina, ni kuma ina gindin duniya da ƙarfe a ƙafa saboda na so in yi wa tsohuwa wayo. Na kama ƙafafun Magajiya na ce ta sake ni, zan dawo in yi mata bauta har in mutu. Ta ce, “Ba ni na ɗaure ka ba, bakinka ne. Zoben nan ba ya jin roƙo, ni kaina ba ya jin maganata.”

Babu abin da ban gwada ba. Na shiga rami na rufe kaina da fatu don zoben ya ɗauka dare ne, ko gezau. Na goga shi da dutse har ƙafata ta yi jini, dutsen ne ya cinye. Na roƙi mai sassaƙar ƙanƙara ya sare mini ƙafar, ya ce a sanyin nan ba zan kai ƙofar gari da raina ba, matacce kuwa ba ya kai saƙo. Na koma ina juya dutse, rana tana kewaya ni, na tsani haskenta fiye da yadda na taɓa tsanar wani abu. Duk lokacin da aka ba ni hutu sai in hau hasumiya in leƙa. Ruwa yana nan yana zuba. Wata rana kuma na ga ɗamarar hadarin ta fara jan jiki tana komawa arewa.

A wannan leƙen ne na lura da wani abu. Hasken nan da ba ya yankewa kamar faifai yake a kan gindin duniya, ya kuma fara tsukewa daga bakinsa. Ashe dare ta gefe yake shigowa, birnin da ke tsakiya shi ne na ƙarshen ganinsa. Na sauko na je wa Magajiya na ce, “Ranki ya daɗe, wane aiki ne ya fi kowane muni a ƙasarki?” Ta ce jan kitsen dabbobin ruwa a gaɓar arewa, can bakin iyaka, inda iska ke fasa leɓe. Na ce a tura ni can. Ta ce, “Da ma ka yi irin wannan tunani ranar da ka zo. Tafi.”

Tafiyar kanta ta ci lokaci, ina jan kaya a kan ƙanƙara da igiya a ƙirji. Kullum muka ƙara arewa, rana tana ƙara kusantar ƙasa a ƙarshen kewayenta. A bakin gaɓa, ina tsaye cikin jini da kitse, na ga ta sauko ta taɓa ruwa, ta nutse rabi, ta nutse duka. Ba ta daɗe ba ta sake ɓullowa, amma ya isa. Zoben ya buɗe ya faɗi a kan ƙanƙara. Ban tsaya murna ba, don na san abin da na riga na rasa.

Na jira jiragen Kirinki, suka zo zuwansu na ƙarshe kafin teku ta sake daskarewa. Na gaya masa komai. Bai yi mini ba'a ba wannan karon, ya ce wa mutanensa su bar rabin kaya su ɗauki filafilai. Amma iska ta juyo mana, guguwa ta karya mana jirgi a kan duwatsu, muka fita da kyar. Kirinki ya ce, “Manomi, iyakar inda ruwa zai kai ka ke nan. Bi gaɓa, kada ka tsaya.” Na bi gaɓa da ƙafa, dare yana ƙara tsawo, ciyawar da ke gefena ta fara yin ruwan ƙasa. Kowace asuba ina duban gabas, in ga babu komai in yi hamdala in ci gaba. Wata asuba na ɗaga kai, ga ta nan, Zangarniya, tana ƙyalli a saman ruwa kamar ba ta yi komai ba. Na zage ta. Na yi gudu har na faɗi, na tashi na sake yi. A kan hanya aka yi ɗan ruwa, irin wancan na bara, na san ko na mene ne.

Bayan kwanaki, da hantsi, na isa. Tun daga nesa na ji kiɗa. Na hau tudun da ke bayan gari, sai na ga gona daga nan har inda ido ya tsaya, layi bayan layi, ta tsiro kore shar. Da a ce ƙwaya ce a cikin busasshiyar ƙasa, da na sa gari duka mun tone ta da farce. Abin da ya tsiro ba ya komawa rumbu.

A gindin tudun akwai kaburbura sababbi da yawa. Mutanen da suka taro ni duk sun zama ƙashi da fata, amma suna rawa. Baba Nomau ya rungume ni ya ce, “Mai baki ya dawo! Dubi gona, ɗana. Wannan karon ba mu yi rowa ba.”

Na iske Yaya Gwamma zaune a gindin rumbu, bakinsa a buɗe. Da kyar na gane ta. Ta shafa fuskata ta ce, “Ƙanena, ka rame. Ba ka ga jarrabawar da muka gani ba. Ruwan yaudara ya zuba wata da watanni, ban taɓa ganin mai naci irinsa ba, ciyawa har ta rufe mutum. Yunwa ta shigo, samari suka zo da gatari suka ce a shuka. Ɗana Jatau ne a gabansu. Na kwanta a ƙofar nan na ce sai dai su fara sara ni.” Ta nuna gindin tudu da haɓa. “Yana can tare da sauran. Amma ko ƙwaya ɗaya ban bari an taɓa ba. Faɗa mini, me ka samo?”

Na ce, “Yaya, kin rage wani abu? Ko cikin tafi ɗaya?”

Ta ce, “Da hannuna na share shi, har abin da ya maƙale a tsaga.”

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. Amma ita ta aike ni, ita kuma ba a yi mata ƙarya. Na zauna kusa da ita na faɗa mata a hankali, yadda duniya ke juyawa, yadda ta karkata, yadda muka ƙetaro ƙugunta. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce, “Ke nan wancan ruwan...”

Na ce, “Shi ne damina, Yaya.”

“Wannan da aka yi kwanan baya fa?”

“Na bankwana ne. Sai bayan rabin shekara.”

Ta daɗe tana duban tudun nan. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Can ta dafa bangon rumbu ta miƙe, ta ce, “Kada ka gaya musu yau. Bar su su gama kiɗansu.”

Ta ɗauki tulu ta nufi rijiya, na ɗauki wani na bi ta. Muka ɗebo, muka shiga gona, ta durƙusa tana zuba wa kowane tsiro cikin tafi ɗaya, ina bin layin da ke kusa da nata. Masu kiɗa suna yi mana tsiya, wai Uwar Iri ta ƙosa, ba za ta iya jiran hadari ba. Tuluna suka ƙare ba mu kai tsakiyar layin farko ba. Na ɗaga kai, ga rana can arewa a karkace, ga iskar sanyi ta fara tasowa daga teku. Iyakar abin da bakina zai iya ɗauka ke nan, ku da kuka tambaya. Yaya Gwamma ta girgiza tulunta ta ji babu komai, ta ce, “Tashi, Mantau, mu koma rijiya.”